Ciwo ne ko hali? Aron maganar Ingilishi wajen faɗin rashin yarda a Hausar Tirmini

1. Gabatarwa

Masu nazarin aron kalmomi (emprunt lexical) a Hausa sun fi mayar da hankali ga sunayen abubuwa, kamar mota, kwabo, asibiti ko lakkwal. Dalilin irin wannan aro a fili yake: baƙon abu ya zo da sunansa, aka karɓe su tare. Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne aron da ya shafi abin da ke cikin zuciya, wato fagen da Hausa take da kalmominta tun kaka da kakanni. A wannan takarda za mu ɗauki misali guda, shi ne yadda wasu matasan ƙasar Damagaram ke amfani da maganar Ingilishi idan za su faɗi cewa ba su yarda da mutum ba.

Abin da ya jawo hankalinmu ga batun ya faru ne a wani zaman dangi a Tirmini, kan maganar auren ɗiyar ƙanenmu. Yarinyar ta yi lakkwal har kolej. Gwaggonta ta tambaye ta dalilin da ya sa take ja da baya ga yaron da ya fito nemanta. Ta sunkuyar da kai ta ce: "Gwaggo, ba abin da ya yi mini. Ni ce dai nake da trust issues." Gwaggon ta juyo wurinmu ta ce: "To Mushe, kai da ka yi karatu, wannan ciwo ne ko hali ne?"

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin takardar. Ra'ayin da za mu kare shi ne, ba ƙarancin kalmomi ne ya kawo aron ba. Kalmomin Hausa na rashin yarda kowace tana ɗora wa wani nauyi, ko dai wanda ake magana a kansa ko mai maganar. Baƙuwar magana kuwa tana ba mai ita damar faɗin abin da ke ransa ba tare da an kama kowa da laifi ba. Misalan da za mu kawo irin maganganun da kunne ke tsinta ne a hira, a tasha da wurin biki. Za mu riƙa cewa "Ingilishi" don kauce wa ruɗani, tun da a Nijar kalmar "Turanci" sau da yawa Faransanci take nufi.

2. Ta ina Ingilishi ya biyo?

A ƙarshen watan Yuli na 1899 ne sojojin Faransa, ragowar rundunar Voulet da Chanoine, suka gwabza da mayaƙan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, daga nan suka shiga birni. A watan Fabrairu na 1903 Turawan Ingila suka ci Kano. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka ja iyaka tsakanin ƙasashen biyu. Tun daga lokacin, harshen ofis da na lakkwal a Damagaram ya zama Faransanci. Amma iyaka ba ta toshe hanyar fatauci ba. Tirmini tana bisa babbar hanyar da ta fito daga birnin Damagaram ta nufi yamma, kuma a Takeita hanya ke rabuwa ta yi kudu zuwa Matamai, Daura da Kano. Wanda ya zauna a bakin wannan hanya ya san yawan mutane da kayan da ke bi ta kanta.

Ana iya raba shigowar kalmomin Ingilishi kashi uku. Kashi na farko na fatauci ne da sufuri. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar kudancin Damagaram ta riƙa bi ta can, fatake da ƴan ci-rani suka komo da kalmomi irin su sule, fam, direba, birki, taya. Waɗannan sun zama Hausa sarai, har tsohuwar da ba ta taɓa barin ƙauye ba tana faɗinsu. Kashi na biyu na finafinan Hausa ne na Kano, waɗanda suka soma da Turmin Danya a 1990. A cikinsu ake nuna ƴan boko da masu kuɗi suna gauraya Hausa da Ingilishi, salon da ake kira Ingausa, musamman a wuraren soyayya da rikicin aure. Kashi na uku na wayar salula ne, ta hanyar Facebook, WhatsApp da TikTok.

Abin lura shi ne, kashi na farko sunayen kaya ya kawo, na biyu da na uku kuwa sun kawo yadda ake faɗin abin da ke zuciya. Ana koyar da Ingilishi a kolej a Nijar, amma maganganun da muke nazari ba daga aji suka fito ba. Da dama daga masu faɗinsu ba za su iya haɗa jimla biyu da Ingilishi ba. Dunƙule suka ɗauke su, kamar yadda ake ɗaukar karin magana.

3. Abin da Hausa take da shi

Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 zai ga fagen yarda da rashinta cike yake. Wasu kalmomin daga Larabci suka zo, kamar amana, tuhuma, shakka da waswasi. Wasu kuma na gida ne, kamar zargi da kokwanto. Za mu kasa su gida uku bisa tambaya guda: wa aka ɗora wa nauyi?

Gida na farko, nauyi yana kan wanda ake magana a kansa:

(1) Ina zarginshi.
(2) Ba shi da amana.
(3) Ya ci amanata.

Kalmar amana tushenta ɗaya da imani da aminci a Larabci, saboda haka ta wuce maganar mu'amala kawai, ta taɓa addinin mutum. Wanda aka ce ba shi da amana an taɓa mutuncinsa da na gidansu. Irin wannan magana tana kiran hujja. Ana iya kai ta gaban mai gari ko liman, a nemi shaida, a kai har ga rantsuwa.

Gida na biyu, nauyi yana kan mai jin rashin yardar:

(4) Tana da mugun zato.
(5) Yawan zargi gare shi.
(6) Waswasi ya yi mata yawa.

Waɗannan aibi ne na hali. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat tana gargaɗi kan yawan zato, kuma Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Shi ya sa da wuya a ji mutum ya faɗi (4) ko (5) game da kansa. Kullum wani ake faɗa wa.

Gida na uku shi ne mafi sassauci:

(7) Hankalina bai kwanta da shi ba.
(8) Ina ɗari-ɗari da ita.
(9) Ban yarda da shi ba.

A nan ba a fito da laifi fili ba. Amma a lura da ginin jimlolin: kowace tana buƙatar "da" da wani mutum a bayanta. Da zarar an ambaci mutum, mai sauraro zai tambaya: me ya yi? Idan akwai amsa, an koma gida na farko. Idan babu, an faɗa gida na biyu, a ce da mai maganar mugun zato gare shi. Jimla ta (9) kuma tana da harshen damo, domin "yarda da" na iya nufin amincewa da halin mutum, ko karɓar maganarsa, ko karɓarsa a matsayin miji. A zaman maganar aure, yarinyar da ta faɗi (9) za a ɗauka ta ƙi auren ne baki ɗaya.

4. Sigar maganganun aro

Maganganu uku muka fi ji. Kowace tana da matsayinta daban a cikin harshen.

(10) Ɗan fo-wan-nain ne.
(11) Ban yi trusting ɗinshi ba.
(12) Ina da trust issues.

Ta (10) ita ce mafi daɗewa. Asalinta lambar sashe na 419 ne na dokar manyan laifuffuka ta Najeriya, wanda ya shafi karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Wannan doka a kudancin Najeriya take aiki, domin Arewa tana da nata kundin daban tun 1960. Ke nan maganar daga Kudu ta taso, ta ratsa Kano kafin ta iso nan. Shaidar hanyar da ta biyo tana cikin furucinta: da lambobin Ingilishi ake faɗinta, ɗaya bayan ɗaya, ba a juya ta zuwa Faransanci ko Hausa. Ta karɓi ɗafin Hausa na "ɗan", "ƴar" da "ƴan", kuma wanda bai yi boko ba ma yana amfani da ita a ma'anar ɗan damfara. Ta fuskar ma'ana kuwa, gida na farko ta shiga, zargi ce tsagwaronta.

Ta (11) tana bin tsarin da Hausa ta saba bi idan ta ari aikatau. Ba a jujjuya baƙon aikatau kamar na gida. Ana mayar da shi suna, a sa "yi" ya ɗauki lokaci da korewa, sannan a haɗa shi da karɓau ta hanyar "ɗin", mahaɗin da Hausa ke sa wa kalmomin da ba su dace da "-n" ko "-r" kai tsaye ba. Yana da amfani a kwatanta da takwararta ta Faransanci da ƴan lakkwal ke faɗi:

(13) Ban yi mishi confiance ba.

A (13) mutumin ya zo da "ma", a (11) kuma ya zo da mahaɗin mallaka. Dalili shi ne, Faransanci yana cewa faire confiance à, sai Hausa ta daidaita "yi" da faire, "ma" da à. Aikatau na Ingilishi kuwa kai tsaye yake ɗaukar karɓau, sai Hausa ta bi tsarinta na "yi" da suna, kamar a "yi zarginshi". A duka biyun, ƙashin jimla na Hausa ne, baƙon harshe kalma kawai ya bayar. Wannan ya yi daidai da abin da Carol Myers-Scotton ta bayyana a 1993 game da harshe mai riƙe da ginin jimla a lokacin gauraya harsuna (alternance codique).

Ta fuskar furuci, Hausa ba ta yarda baƙi biyu su haɗu a farkon gaɓa, sai ta saƙa wasali a tsakani, kamar a direba, tirela da burodi. Haka ake jin "tirostin" ko "turostin" a bakin waɗanda ba su yi boko ba. Wasalin "o" da ke tsakiya irin furucin Ingilishin Najeriya ne. Tsofaffin ararrun kalmomi masu wannan sauti, irin su bas da famfo, da "a" suka shigo.

Ta (12) ita ce sabuwa, kuma ita ce ta fi ba da sha'awa. Ba ta da karɓau ko kaɗan. Babu "da shi", babu "ɗinshi". Gininta ɗaya da na waɗannan:

(14) Ina da hawan jini.
(15) Ina da gyambon ciki.

Wato an ɗauki rashin yarda an zuba shi a mazubin da Hausa ke faɗin ciwo mai daɗewa. A Ingilishi ma maganar ta fito ne daga salon masu ba da shawara kan damuwar zuciya a Amurka, kafin ta bazu a finafinai da intanet. Tana nufin mutum yana da wahalar amincewa da kowa, galibi saboda wani abu da ya taɓa samunsa. Tambayar gwaggo, ciwo ne ko hali, ta nuna cewa kunnenta ya kama ginin jimlar daidai ko da ba ta san kalmomin ba.

5. Me ya sa aka ara?

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce burga: yaro yana son a san ya waye. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma amsar ba ta isa ba. A Damagaram harshen burga na ɗan boko Faransanci ne, kuma kalmomin confiance da méfiance suna nan a bakinsa. Da burga kaɗai ce, da sun wadatar. Bugu da ƙari, ɗiyarmu kanta a sunkuye yake lokacin da ta yi maganar, kuma gaban gwaggonta take, inda burga ba ta da kasuwa.

Amsa ta biyu daga masu nazarin harshe da tunani take. A 2003 Harris, Ayçiçeği da Gleason sun gwada Turkawa masu jin Ingilishi, suka tarar jikinsu ya fi motsuwa da jin zagi da tsawa a harshen uwa bisa ga harshe na biyu. Littafin Pavlenko na 2005 da na Dewaele na 2010 sun faɗaɗa wannan batu. Ma'ana, baƙon harshe yana rage zafin magana. Wannan ya taimaka mana, domin kunya babban abu ce a maganar aure, kuma abin da baki ba zai iya furtawa da Hausa ba yakan fita da wani harshe. Sai dai binciken nasu ya shafi masu jin harsunan biyu sosai. Matasan da muke magana a kansu ba haka suke ba, kuma wannan amsa ba ta bayyana abin da ya sa aka zaɓi (12) aka bar (13) ba.

Amsa ta uku, wadda muka fi karkata gare ta, ta ma'ana ce. Idan aka dubi gidaje ukun nan na sashe na 3, za a ga akwai gurbi guda da babu kowa a ciki: mai magana ya ce matsalar daga gare shi take, amma ba laifinsa ba ne. Da ɗiyarmu ta faɗi (2), da ta ɓata gidan yaron, wataƙila har zumunci ya taɓu. Da ta faɗi (4) game da kanta, da ta kira wa kanta wa'azi. Da ta faɗi (7), da an tsare ta da tambaya. Da (12) ta wanke yaron, ta wanke kanta, kuma ta sami jinkirin da take nema. Ba a yi wa mai ciwo faɗa, lallashinsa ake yi.

Wani zai ce ai Hausa ta san wannan yanayi tuntuni, tun da ana cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gaskiya ne, ma'anar kusan ɗaya ce. Amma karin maganar na manya ne, kuma game da wani ake faɗinsa. Idan yarinya ta faɗe shi game da kanta a gaban iyaye, ta buɗe ƙofar wata tambaya mai nauyi: wane maciji ne, kuma yaushe ya sare ki? Baƙuwar magana ba ta tilasta a nuna macijin.

6. Abin da aron ke jawowa

Wannan sauƙi yana da tsadarsa. Kalmomin Hausa na gida na farko suna da nauyi ne domin akwai hanyar warware su. Idan mace ta zargi mijinta ɗan ci-rani da ɓoye mata wani abu, ko ɗan kasuwa ya zargi abokin cinikinsa, manya sun san abin yi: a kira su, a ji ta bakin kowa, a nemi shaida, wanda ya yi kuskure ya ba da haƙuri. Zargi yana da farko, yana da ƙarshe. Maganar (12) kuwa ba ta da wanda ake ƙara, ba ta da abin da za a rantse a kai. Mai sulhu ba ya samun inda zai kama.

Daga nan abu biyu ke iya faruwa. Na farko, a ɓoye zargi na gaskiya a cikinta. Yarinya ta ga wani abu a wayar saurayinta, ta kasa faɗi, ta ce ita ce mai matsala. Ta ɗauki laifin wani ta aza wa kanta, shi kuma bai sami damar kare kansa ko gyara halinsa ba. Na biyu, a mayar da ita garkuwa. Miji mai binciken wayar matarsa dare da rana, wanda da Hausa za a ce masa mai mugun zato a tsawata masa, sai ya ce ciwo gare shi, a yi masa uzuri. A duka biyun, baƙuwar magana ta fitar da matsalar daga hannun masu sulhu, musamman idan su ba su san ma'anarta ba. Wannan ya kamata malaman makaranta da masu sasanta ma'aurata su lura da shi: idan yaro ya faɗi (12), fassara kalmomin ba ta wadatar ba, sai an binciki wace jimla ce daga (1) zuwa (9) yake gudun faɗi.

7. Kammalawa

Tun watan Maris na 2025, kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Saboda haka tambayar abin da zai shiga ƙamus da littattafan karatu ta ƙara nauyi. Muna ba da shawarar a auna kowace baƙuwar magana da ma'auni uku: ko wanda bai yi boko ba yana faɗinta, ko furucinta ya bi tsarin sautin Hausa, ko tana karɓar ɗafi da jam'in Hausa. Bisa wannan, "fo-wan-nain" ta cancanci shiga. "Tirostin" tana bakin ƙofa. Ta (12) kuwa har yanzu baƙuwa ce, gauraya harsuna ce kawai, ba ta kai matsayin aro ba.

Hana matasa faɗinta ba zai yi amfani ba muddin gurbin da take cikewa yana nan. Abin da ya fi shi ne a gwada ko Hausa za ta iya cike shi da kayanta. "Ina da wuyar yarda" tana bin ginin (12) sak, ba ta buƙatar a ambaci kowa, kuma gwaggo za ta gane ta ba tare da tafinta ba. Saura a ga ko kunnen Bahaushe zai ji ta a matsayin ciwo, ko zai mayar da ita gida na biyu ya ce taurin kai ne. Wannan aiki ne da ɗalibanmu masu neman batun bincike za su iya ɗauka, su kwatanta yadda tsofaffi da matasa, maza da mata, ke fassara jimlolin nan a Tirmini, Matamai da Magarya.

Game da tambayar gwaggo, abin da muka iya ce mata a ranar shi ne, yarinyar ta zaɓi maganar ne domin kada a ce hali ne. Ta yi shiru, sannan ta ce in dai ciwo ne a ba ta lokaci, amma ita za ta kira ta ɗaki su biyu ta ji inda yake mata zafi. Aka ɗage maganar auren zuwa bayan kaka.